Tambayoyi da amsoshi ga mai son zama malamin jami'a mai bincike kan iko, daraja da yarda da kai fiye da kima a wuraren aiki

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗaliban da suka gama digiri na farko ko na biyu a fannin kasuwanci, nazarin halayyar ɗan Adam ko zamantakewa, suna son su ɗora a wannan layi. Mafi yawan misalan da za ku gani daga Amurka ne, don a makarantun kasuwanci na can ne fannin ya fi ƙarfi.

Malam, wai shi wannan fanni me ake karantawa a cikinsa takamaimai?

Ana nazarin yadda mutane ke halayya idan sun haɗu a ma'aikata, kamfani, asibiti, barikin soja, ko duk wurin da ake da na sama da na ƙasa. Fannin ya rabu gida biyu. Akwai masu duba mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni, su kam sun fi kusa da masu nazarin halayyar ɗan Adam, akwai kuma masu duba ma'aikata gaba ɗayanta da alaƙarta da sauran ma'aikatu, su kuma sun fi kusa da masu nazarin zamantakewa. Maganar iko da daraja da yarda da kai ta fi zama a gida na farko.

Tambayoyin da ake bi kowa ya san su a aikace. Me ya sa idan aka haɗa mutum huɗu da ba su taɓa sanin juna ba, kafin a daɗe za ka ga ɗaya ya zama shi ake kallo in za a yanke magana? Me ke samun mutum ranar da aka ba shi kujera? Me ya sa wanda ya fi kowa tabbaci a murya yakan ci gaba ko da ba shi ya fi sani ba? Bambancin mai bincike da mai hira a majalisa shi ne shi dole ya auna, ya kuma yarda in sakamako ya ƙaryata shi.

Iko da daraja ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma in ba ka raba su ba tun farko komai zai cakuɗe maka. Joe Magee da Adam Galinsky a 2008 sun fayyace su yadda yawancin masu bincike ke bi yanzu: iko shi ne riƙe abin da wasu ke buƙata, kuɗi ne, ƙarin girma ne, sa hannu ne, ita kuwa daraja girmamawa ce da mutane ke ba ka a ransu. Iko yana hannunka, daraja tana hannun masu kallonka, ranar da suka ga dama su janye abinsu. Tun 1959 ma John French da Bertram Raven sun lissafa tushen iko guda biyar, wato iya ba da lada, iya hukuntawa, muƙami, gwaninta, da son da mutane ke yi su yi koyi da kai.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne idan ɗaya ya zo babu ɗaya. A 2012 Nathanael Fast da Nir Halevy da Galinsky sun yi wani gwaji, aka ba wasu mutane matsayi mai iko amma mara daraja, sannan aka ce su zaɓa wa abokin aikinsu abin da zai yi kafin ya cancanci kyauta. A cikin jerin zaɓin akwai na wulaƙanci, kamar mutum ya yi haushin kare sau uku. Waɗanda suka fi zaɓar irin waɗannan su ne masu iko marasa daraja. Duk wanda ya taɓa tsayuwa gaban tagar wani ofis yana jiran ƙaramin ma'aikaci ya buga masa hatimi, ana raina ma'aikacin a ciki shi kuma yana hucewa kan na waje, ya san abin da ake nufi.

Da gaske ne iko yana canza mutum, ko dai halinsa na asali yake fitowa?

David Kipnis ya yi wannan tambaya da gwaji tun 1972, amma aikin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne na Dacher Keltner da Deborah Gruenfeld da Cameron Anderson a 2003. Hujjarsu ita ce iko yana karkatar da hankalin mutum zuwa ga abin da zai samu, ya rage masa ɗari-ɗari, rashin iko kuma yana sa mutum ya riƙa hangen haɗari yana kame kansa. A wannan shekarar dai Galinsky da Gruenfeld da Magee suka zaunar da mutane a ɗaki, fanka na hura musu iska a fuska, waɗanda aka fara sa su tuna lokacin da suke da iko kan wani sun fi tashi su kashe ta ko su juya ta ba tare da neman izini ba. A 2006 kuma aka ce wa mutane su rubuta harafin E a goshinsu, masu jin iko suka fi rubuta shi yadda su ne za su iya karantawa daga ciki, wanda ke gabansu kuwa a juye zai gan shi.

To amsar dai ita ce duka biyun. Iko yana cire birki, abin da ke cikin mutum ya fito, mai kirki ya ƙara taimako, mai son kai ya ƙara. Amma ka riƙe waɗannan gwaje-gwaje da hannu bibbiyu, don wannan dabara ta sa mutum ya tuna lokacin da yake da iko tana cikin abubuwan da ake ta muhawara a kansu yanzu, ka duba amsar da ke magana kan binciken da ya rushe.

Yaya ake auna yarda da kai fiye da kima? Ba kawai ra'ayi ba ne a ce wane yana ji da kansa?

Ana aunawa, ta hanyar kwatanta abin da mutum ya ce game da kansa da abin da ya iya a zahiri. Don Moore da Paul Healy a 2008 sun nuna cewa abubuwa uku ne daban ake haɗawa a suna ɗaya. Na farko ka zaci ka ci maki 8 alhali 5 ka ci. Na biyu ka zaci ka fi sauran mutane. Na uku ka riƙe amsarka da tabbacin da ya fi hujjarka. Sun kuma gano wani abu da mutane ba sa zato, idan aiki ya yi wuya mutum yakan zaci ya ci fiye da abin da ya ci amma ya ɗauka wasu sun fi shi, idan aikin mai sauƙi ne sai abin ya juye. Na ukun ne ya fi taurin kai, kusan ko'ina ana samunsa.

Tsohon misali shi ne na Ola Svenson a 1981, inda kashi 93 cikin ɗari na direbobin Amurka da ya tambaya suka sa kansu a rabin da ya fi iya tuƙi, a Suwidin kuma kashi 69. A ɓangaren kamfanoni, Ulrike Malmendier da Geoffrey Tate ba su tambayi kowa komai ba, sun duba shugabannin kamfanonin da ke ƙin sayar da haƙƙinsu na hannun jari ko da lissafi ya ce su sayar, don sun yi imani farashi zai ci gaba da hawa a hannunsu. A aikinsu na 2008 yiwuwar irin waɗannan shugabanni su sayi wani kamfani ta fi ta sauran da kashi 65 cikin ɗari.

To in haka ne me ya sa irin waɗannan mutane suke ta samun shugabanci?

Wannan ita ce tambayar da a ganina ta isa mutum ya ba ta shekarun rayuwarsa. A 2009 Anderson da Gavin Kilduff sun haɗa ɗalibai huɗu-huɗu suka ba su lissafi irin na jarrabawar shiga makarantar kasuwanci, suka ɗauki bidiyo. Masu halin mamaye magana su aka fi ɗauka gwanaye, abokan rukuninsu ma haka suka gan su, masu kallo daga waje ma haka, alhali ba su fi kowa iya lissafin ba. Abin da suke yi kawai shi ne su riga kowa faɗin amsa kuma su yawaita magana, kuma a kashi 94 cikin ɗari na lokuta amsar da aka fara faɗa ita rukuni ya rubuta. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, lissafi ne fa, abin da ke da amsa guda ɗaya sahihiya, ina ga taron da ake tattauna kasafin kuɗi ko wanda za a ɗauka aiki.

Sai a 2012 Anderson da Sebastien Brion da Moore da Jessica Kennedy suka ɗora. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu an ba ɗaliban digiri na biyu na kasuwanci jerin sunayen mutane da abubuwan tarihi aka ce su nuna waɗanda suka sani, a ciki an cusa sunayen bogi da ba su taɓa wanzuwa ba. A ƙarshen zango, waɗanda suka fi iƙirarin sanin na bogin su ne suka fi samun daraja a rukunansu. Da aka duba bidiyo a wani gwajin sai aka ga ba wai suna bugun ƙirji suna cewa ni gwani ne ba, a'a, muryarsu ce a natse, jikinsu a sake, suna faɗin abu kamar an gama maganarsa. Shi ya sa ba a gane su. Mu ba mu iya ganin ilimin da ke cikin kan mutum, sai mu koma kan alama, alamar kuma wanda ya yaudari kansa ya fi kowa iya nuna ta, don shi ba wasan kwaikwayo yake ba, ya yarda da abin har zuciyarsa.

Wannan yana damuna ƙwarai, don wanda ake asara shi ne mai shiru a ƙarshen tebur wanda ya san amsa amma yana jira ya tabbatar.

Kenan in koyi cika baki da rashin mutunci in ina son ci gaba?

A'a ɗan'uwa. A 2020 Anderson da Daron Sharps da Christopher Soto da Oliver John sun fitar da binciken da ya auna halin mutane tun suna ɗalibai, aka sake nemo su bayan kimanin shekara 14 a wuraren aikinsu. Masu son kai da faɗa da yaudara ba su fi kowa samun iko ba. Tsoratarwa tana ɗan ɗaga su, lalacewar hulɗarsu da mutane ta maida su ƙasa. Sai dai ba su gaza kowa samu ba kuma, wato ma'aikatu suna ba su kujera kamar yadda suke ba mutanen kirki, nan ne matsalar take. Akwai kuma aikin Elizabeth Tenney da abokanta da ya nuna idan mutum ya furta gwanintarsa da baki aka kama shi ya kasa, darajarsa na zubewa fiye da wanda a murya da tsayuwa kawai ya nuna ta.

Wane digiri ya kamata in yi, kuma dole sai na yi digiri na biyu na kasuwanci?

Ba dole ba ne, kuma shi wancan digirin manajoji yake horarwa ba masu bincike ba. Hanya biyu ce, ko digirin dakta a makarantar kasuwanci a sashen gudanarwa, ko digirin dakta a nazarin halayyar ɗan Adam sannan ka tsallaka. Shi Cameron Anderson ta biyun ya bi, ya yi digirinsa na dakta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya wuce makarantar kasuwanci ta Kellogg a jami'ar Northwestern, ya koyar a makarantar Stern ta jami'ar New York, sannan ya dawo makarantar kasuwanci ta Haas a Berkeley. Don Moore kuma a Kellogg ya yi nasa, ya koyar a Carnegie Mellon kafin shi ma ya koma Haas.

Abin da ya fi sunan digiri muhimmanci shi ne ƙididdiga. In kana gudun lissafi ka fara sulhu da shi tun yau, ka koyi manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ce, ka koyi yadda ake tsara gwaji. Sai Turanci na rubutu, wanda yake a fili babu kwalliya.

Yaya ake samun gurbi, kuma wa zai biya?

A manyan makarantun kasuwanci na Amurka ba kai kake biya ba, su ke ɗauke kuɗin makaranta su kuma ba ka alawus na shekara biyar ko shida. Shi ya sa gurbin ke da wuyar samu, sashe ɗaya ɗalibai 'yan kaɗan yake ɗauka a shekara, wani lokaci biyu ko uku. Yawanci ana rufe karɓar takardu a Disamba zuwa farkon Janairu, ana neman sakamakon jarrabawar shiga ta GRE ko GMAT, wasiƙun shaida guda uku, da takardar da za ka bayyana abin da kake son bincika.

Wasiƙun nan su ne ƙashin bayan komai, kuma ba girman muƙamin wanda ya rubuta ake dubawa ba, ana duba ko ya ga aikinka da idonsa. Wasiƙar ƙaramin lakcara da kuka tattara bayanai tare ta fi ta babban farfesa da ya ce kai yaro ne mai ladabi. Shi ya sa da yawa yanzu suke fara yin shekara ɗaya ko biyu a matsayin mataimakin mai bincike a ɗakin gwajin wani farfesa kafin su nema. A takardarka kuma kar ka rubuta cewa kana son kawo sauyi a shugabancin Afirka, kowa haka yake rubutawa, ka kawo tambaya ɗaya ƙarama da za a iya gwadawa, akwai misalai a amsa ta ƙarshe.

Yaya rayuwar take bayan an shiga?

Shekara biyun farko darussa ne da jarrabawar cancanta, bayan nan bincike zalla. Ranarka za ta tafi wajen tsara tambayoyi, neman izinin kwamitin ɗa'a, saka gwaji a shafukan intanet irin su Prolific ko MTurk inda ake biyan mutane su amsa, tsaftace bayanai, da rubuta abu ɗaya sau ba adadi. Kuɗin wannan kasuwa shi ne bugawa a mujallu irin su Academy of Management Journal, Administrative Science Quarterly, Organization Science, Journal of Applied Psychology da Journal of Personality and Social Psychology. Mafi yawan abin da aka tura musu suna mayarwa, wanda ya tsira ma yakan ɗauki shekara biyu ko uku tsakanin turawa da gyara da sake turawa. Duk shekara, a ƙarshen Yuli ko a Agusta, ana babban taron Academy of Management, ƙungiyar masu binciken gudanarwa, nan ake fara haɗuwa da masu ɗaukar aiki.

In ka samu aikin ƙaramin farfesa sai agogo ya fara, kamar shekara shida ko bakwai, wasu makarantun fiye, sannan a yanke ko a tabbatar da kai dindindin ko ka nemi wani wuri. Ga koyar da manya masu aiki waɗanda suka biya kuɗi mai yawa kuma ba sa jin nauyin ƙalubalantarka a aji. Darasin iko yana cikin waɗanda ɗalibai ke rububi, kamar na Jeffrey Pfeffer a Stanford.

Na ji an ce binciken wannan fanni da yawa ya rushe. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki kuma bai kamata a ɓoye wa mai shigowa ba. A 2010 Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap sun ce tsayuwar isa ta minti biyu tana canza sinadaran jikin mutum, da mutum 42 suka yi gwajin, labari ya zaga duniya. A 2015 Eva Ranehill da abokanta suka maimaita da mutum 200 ba su ga canjin sinadaran ba, a 2016 ita Carney da kanta ta fito ta rubuta cewa ba ta yarda da sakamakon ba kuma. A 2015 ɗin dai wata babbar haɗaka ta maimaita bincike 100 na nazarin halayya, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Akwai ma na ƙarya tsagwaronta, kamar Diederik Stapel na jami'ar Tilburg a Holan da aka kama a 2011 yana ƙirƙirar bayanai.

Ni abin da Carney ta yi nake so ɗalibi ya riƙe, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya janye daga aikin da ya fi fito da sunansa. Kuma ka lura, abin da muka faɗa a kan masu tabbaci a murya shi ne ya ci fannin, sakamako mai ɗaukar hankali da aka faɗa da ƙarfin gwiwa ya riga mai taka-tsantsan samun mujalla da lambar yabo. Yanzu dokar ta canza, kana rubuta hasashenka da yadda za ka yi lissafi a shafin intanet na AsPredicted ko OSF kafin ka tattara bayanai, ka ɗauki mutane da yawa, ka saka bayananka a fili kowa ya duba. Wanda ya shigo yanzu ya shigo a lokaci mai kyau.

Duk sunayen nan na Turawa ne. Sakamakonsu ya shafe mu kuwa?

Tambaya ce da fannin kansa bai gama amsawa ba. Jeffrey Arnett a 2008 ya duba manyan mujallun nazarin halayya ya ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji da su daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da kashi 12 cikin ɗari ne kawai na mutanen duniya. Ma'aunin Geert Hofstede na yadda al'umma ke karɓar tazara tsakanin babba da ƙarami, wanda ya gina da bayanan ma'aikatan IBM, ya haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a kwando ɗaya ya ba su maki 77, Amurka 40, yawan maki na nufin tazara mai faɗi. Ƙasa uku, lamba ɗaya.

A wurin da kunya da kawaici suke ɗaga mutum, inda ƙarami ba ya riga babba magana a taro, shin wanda ya fara faɗin amsa daraja yake samu ko a ce ba shi da tarbiyya? Ba abin da za a zauna a Kalifoniya a yanke ba ne. Kuma ba daga sifili za ka fara ba, M. G. Smith da ya yi aiki a ƙasar Zazzau ya buga nazari a 1959 kan tsarin daraja a wurin Hausawa, yadda sarauta da sana'a ke jera mutane, da bambancin sana'ar gado da wadda mutum ya shiga da kansa.

Da wace tambaya zan fara, kuma zan iya farawa daga gida?

Za ka iya, gwajin rukuni ba ya buƙatar na'ura mai tsada, aji ne da ɗalibai da takarda da wayar ɗaukar bidiyo, da izinin kwamitin ɗa'a na jami'arka. Ka ɗauki gwajin 2009 na lissafi da muka kawo a sama ka maimaita shi a Kano ko Zariya ko Maraɗi, amma ka haɗa rukunan da shekaru suka bambanta, ka ga ko amsar farko ce ke ci ko amsar babba. Ko ka gwada ko mace da namiji suna samun daraja iri ɗaya idan suka yi magana da tabbaci iri ɗaya. Ko ka auna ko sakamako yana canzawa idan an yi tattaunawar da Hausa maimakon Turanci. Ka yi rajistar hasashenka tukuna kamar yadda aka faɗa a amsar binciken da ya rushe.

Don samun abokan aiki akwai Psychological Science Accelerator, haɗakar ɗakunan gwaji daga ƙasashe da yawa da ke maraba da masu tattara bayanai daga Afirka, akwai cibiyar Busara a Nairobi mai gwaje-gwajen halayya, akwai kuma Africa Academy of Management. In za ka rubuta wa wani farfesa imel, ka taƙaita, ka ambaci takardarsa guda ɗaya da ka karanta har ƙarshe, ka faɗi abin da kake zaton zai bambanta a wurinku da dalili, sannan ka ce masa kana da aji da ɗalibai da za a iya gwadawa da su a zango mai zuwa.